Camry ɗin nan 'yar Japan ce ko 'yar Amurka, kuma wa ke biyan harajin?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masu harkar mota ku fitar da ni daga duhu. Shekara biyu ina zubin adashe don in samu abin kai yara makaranta in wuce wurin aiki, na gaji da tsayuwar bakin titi da sanyin safiya da yara uku. Da na yi kwasa muka je da ƙanena wurin wani dila a nan Zariya, na ga Camry 2015 ruwan toka, raina ya kwanta da ita. Kuɗina bai cika ba, na ce zan dawo bayan sati uku. Jiya na koma, motar tana nan inda na bar ta, har ƙura ta rufe gilashin, amma ya ɗora kusan miliyan ɗaya a kan abin da ya faɗa mini. Da na tambayi dalili sai ya ce harajin Trump ne. To ni a sanina Toyota ta Japan ce, Trump yana Amurka, ni kuma ina Zariya. Me ya haɗa kifi da kaska? Gaskiya ya faɗa mini, ko dai ya ga mace ce?

Bakaniken Kofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin a shiga maganar haraji ki sa ƙanenki ya koma ya duba lambar shasi. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, akwai ta kuma a jikin ginshiƙin ƙofar direba in an buɗe. Haruffa da lambobi 17 ne, na farkon kawai nake so. In J ce a Japan aka ƙera ta. In 1 ne ko 4 ko 5, Amurka. 2 Kanada, 3 Meksiko, W Jamus, K Koriya, L Chaina. Camry da ke shigowa garejinmu, da wuya ka ga mai J. Suna ne na Japan, haihuwar Amurka ce.

Maman Khalifa: Ikon Allah. Wallahi ban taɓa sani ba. Zan tura shi gobe.

Baƙon Ohio: Maigida ya faɗi gaskiya. Ni a Columbus nake zaune, ƙasa da awa ɗaya zan kai Marysville, garin da Honda ke ƙera Accord tun 1982. Accord ɗin da muke kira EOD da sauran waɗanda muka raɗa wa sunaye a gida, yawancinsu 'yan nan Ohio ne, ba su taɓa shaƙar iskar Japan ba. Camry kuwa Georgetown ce mahaifarta, a jihar Kentucky, tun 1988. Sienna a Indiana ake yin ta. Lexus RX da yawa daga Kanada suke. Har Mercedes ML da GLE a Alabama ake ƙera su, BMW X5 kuma a South Carolina.

Kuma abin da ya kawo su nan shi ne ainihin abin da Anti take tambaya a kai. Bayan tsadar man fetur ta shekarun 1970, Amurkawa suka raja'a kan ƙananan motocin Japan marasa shan mai, kamfanonin Detroit suka shiga sallamar ma'aikata. Gwamnatin Reagan ta matsa wa Japan lamba, a 1981 Japan ta yarda ba za ta tura fiye da mota miliyan 1.68 a shekara ba. Sai Japanawa suka ga tunda an ƙayyade musu abin da zai shigo ta ruwa, gara su ɗauko masana'antar dungum su kafa ta a ciki. Motar da aka haɗa a Ohio ai ba baƙuwa ba ce, babu mai ƙirga ta a bakin ruwa.

Maganar Trump kuma, gaskiya ne ya sa haraji. Daga 3 ga Afrilun 2025 aka ɗora kashi 25 cikin 100 kan motocin da ake shigowa da su, alhali a da kashi 2.5 ne kan ƙananan motoci. Bayan wata guda aka haɗa da sassan mota. Daga baya an daidaita da Japan da Tarayyar Turai aka sauko musu zuwa 15. Amma Anti ki riƙe wannan: harajin abin da ke shiga Amurka ne. Taki motar fita ta yi, kuma ta fita tuntuni.

Maman Khalifa: To ke nan ƙarya ya yi mini?

Alhajin Motoci: Hajiya a yi haƙuri, kada a yanke wa mutum hukunci ba ya nan. Ban san shi ba, amma shekarata 22 a wannan sana'a, na san abin da ke ransa. Mu ba da farashin jiya muke sayarwa ba, da na gobe muke sayarwa. In na sayar miki da motar nan yau, kuɗin da kika ba ni da shi zan sayo wata in ajiye a gurbinta. In kuɗin bai isa ya sayo irinta ba, to na ci uwar kuɗi ke nan ko da a takarda na ga riba. Na san mutanen da filinsu ke ɗaukar mota 30, yau saura 6, kuma ba su taɓa sayar da ko ɗaya a kan faɗuwa ba. Canji ne ya cinye su suna tsaye.

Bakaniken Kofar Ruwa: Alhaji ranka ya daɗe, to ai sai ya ce mata canji ne. Me ya kawo Trump?

Alhajin Motoci: Don sunan da ke bakin kowa ke nan. Amma ba zan ce babu ruwansa kwata-kwata ba. Ɗan'uwanmu na Ohio ya fi ni sanin wannan, ya faɗa mana abin da yake gani a gwanjo.

Baƙon Ohio: Akwai hanyar da yake biyowa, amma zagaye take yi. Kusan rabin sababbin motocin da ake sayarwa a Amurka daga waje suke shigowa, waɗanda ake haɗawa a ciki ma cike suke da sassan Meksiko da Kanada da Asiya. Wani sashen sai ya tsallaka iyaka ya dawo, ya sake tsallakawa, kafin a ɗaura shi a mota. In sabuwa ta yi tsada, mutumin da ya yi niyyar canza mota bana sai ya ce bari in ƙara shekara biyu da wadda nake da ita. Wanda ya so sabuwa sai ya sauko layin 'yan hannu. Mota ta ragu a kasuwa, masu nema sun ƙaru, mu da muke zaune gaban kwamfuta muna taya motocin inshora a kamfanonin gwanjon mota irin su Copart da IAA sai mu ga an tsere mana. Kayan gyara ma haka: galibin abin da muke turowa gida mai ɗan bugu ne, in fitila da bamba sun yi tsada a nan, lissafin kowa ya canza. To wannan gaskiya ne. Amma ya kai a ce mota tana tsaye a fili a Zariya ta ƙara miliyan a sati uku saboda shi? Ni ban yarda ba.

Malamin Tattali: Ku ba ni dama in ɗan gyara wani abu da nake ji a bakin mutane da yawa, har da masu ilimi. Ana cewa Trump ya sa wa Japan haraji, kamar gwamnatin Japan ce za ta kawo kuɗin. A'a. Wanda ya shigo da kayan shi ke biya a bakin ruwa, kamfanin da ke cikin Amurka. Daga nan ko ya haɗiye asarar, ko ya matsa wa mai ƙerawa ya rage masa, ko ya ɗora wa mai saye, kuma yawanci ukun ake rabawa. Mu ma haka ne. Kuɗin fiton da ake biya a tashar jirgin ruwa ta Tin Can da ke Legas ba Ba'amurke ne ya biya ba, Maman Khalifa ce za ta biya, tana Zariya.

Kuma a nan ne kuɗinta ke tafiya, ba a wurin Trump ba. A 2022 lissafin motar hannu ya koma kashi 20 kuɗin fito, da ƙarin kashi 15, ga VAT na 7.5, ga 'yan ƙananan caji. A shekarar ce kuma aka koma ƙiyasta darajar mota da lambar shasi, ba da rasit ɗin da ka kawo ba. Duk wannan da dala ake lissafa shi sannan a juya naira. Kafin Yunin 2023 kwastam na lissafa dala a kan naira 422 da 'yan kai. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ko da ba a ƙara ko kashi ɗaya ba, abin da za ka zube ya ninka fiye da sau uku cikin wata takwas.

Alhajin Motoci: Malam ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. A wancan Fabrairun ejan zai ba ka lissafi da safe, kafin ka tura kuɗi da yamma ya kira ka ya ce an canza. Ina da mota biyu a ruwa a lokacin, ɗaya sai da na sayar da ita tun tana tashar jirgi don in fitar da 'yar'uwarta.

Bakaniken Kofar Ruwa: Ni akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Duk motocin da ke zuwa mana daga Amurka, ban taɓa ganin Hilux 'yar Amurka ba. Duk wadda na duba, ko MR0 ta Thailand, ko AHT ta Afirka ta Kudu. Tundra da Tacoma dai suna zuwa. Me ya sa?

Malamin Tattali: Kaji ne suka jawo, kuma da gaske nake. A farkon shekarun 1960 Amurka ta cika Turai da naman kaji mai araha, manoman Faransa da Jamus ta Yamma suka koka, aka ɗora wa kajin Amurka haraji. Shugaba Lyndon Johnson ya rama, daga 1964 ya sa kashi 25 kan wasu kayan Turai, ciki har da a-kori-kura da ƙananan motocin ɗaukar kaya, don ya taɓa Volkswagen. Rigimar kaji ta wuce, sauran kayan an cire su, amma na a-kori-kura yana nan sama da shekara 60. Shi ya sa duk mai son sayar da a-kori-kura a Amurka sai ya ƙera ta a can ko a maƙwabta. Toyota ta kafa wa Tundra gida a Texas, Tacoma kuma a Meksiko ake yin ta. Hilux ta zama ta sauran duniya. Ba shi kaɗai ne dalili ba, Amurkawa ma sun fi son ƙatuwa, amma shi ne tushen.

Kuma duk inda aka gina katanga, sai an sami mai neman kafa. Ford ta riƙa ƙera Transit Connect a Turkiyya, ta sa mata kujerun baya ta shigo da ita a matsayin motar fasinja a biya 2.5, in ta wuce kwastam a kwance kujerun ta koma ta kaya. Aka yi ta shari'a tsakaninsu da gwamnati, a Maris ɗin 2024 suka yarda za su biya dala miliyan 365.

Baba Kakuri: Salamu alaikum. Jikata ce ke rubutawa ni ina faɗa, idanu sun yi rauni. Na ji ana ta kiran Kentucky da Ohio, na ce bari in tuna wa yara akwai lokacin da in aka ce ina aka yi motar nan, amsar ita ce Kakuri, Kaduna.

Na shiga PAN, kamfanin haɗa motocin Peugeot, ina saurayi, a layin ɗaura ƙofofi da kujeru. An buɗe wurin a 1975, zamanin Gowon. Sassan daga Faransa suke zuwa, kuma a shekarun farko ta sama ake kawo su, jirgi ya ɗauko daga Lyon ya sauke a Kano, manyan motoci su kwaso zuwa Kaduna. Da safe in lokacin shiga aiki ya yi, titin Kakuri cika yake da kekuna, mu da 'yan masaƙa, masu koko da ƙosai sun jeru a bakin ƙofa. Ban manta da 504 ta farko da hannuna ya taɓa ba, fara ce. Da aka tashe ta aka fita da ita daga layi, na bi ta da ido har ta sha kwana, maigidana ya dafa ni ya ce koma bakin aikinka, ga wata nan tafe. Ƙofar 504 in ka rufe ta akwai sautin da take yi, har gobe in na ji shi a titi sai na waiwaya.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Volkswagen na Legas, Steyr na Bauchi, Fiat na haɗa manyan motoci a Kano, Mercedes a Inugu, Leyland a Ibadan. Gwamnati ta tsare mana kasuwa, ba kowa ke shigo da mota yadda ya ga dama ba, kuma ita ce babbar mai saye. Kwamishina Peugeot, babban sakatare Peugeot, motar haya daga Kano zuwa Legas ma ita ce. Malamin makaranta yana karɓar bashin mota ya fito da sabuwa dal a leda. Sai 1986 ta zo da SAP, shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki, naira ta faɗi, sassan da kuɗin waje ake biya, albashin mutane ya kasa kai wa. Daga nan 'yan Beljiyam suka fara sauka. Mun ci gaba da yin 504 har wajen 2006, bayan Faransa ta daɗe da daina ta, amma layin ya riga ya yi shiru.

Don haka 'yata Maman Khalifa, ina tausaya miki, Allah ya hore miki. Amma in an tambaye ni, ni ina bayan haraji. Ƙasar da ta buɗe ƙofarta ga tsofaffin motocin kowa, 'ya'yanta ba za su sami layin da za su tsaya a kai ba.

Maman Khalifa: Amin Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mahaifina ma 504 gare shi, a cikinta aka kai ni makarantar kwana.

Injiniya Ƙarami: Baba kun faɗi abin da ke cina. Na gama karatun injiniyan ƙere-ƙere shekara huɗu ke nan, gyaran janareta nake yi. Babu ƙasar da ta koyi ƙera mota da ƙofa a buɗe. Chaina ta ce wa kowane kamfanin waje in kana son kasuwata sai ka haɗa gwiwa da na gida, Volkswagen ta shiga Shanghai a haka a 1984. Sun tsare kasuwarsu da haraji mai nauyi shekara da shekaru. A 2023 sun ƙera sama da mota miliyan 30. Yanzu su ake gudu: Biden ya ɗora wa motocinsu masu lantarki kashi 100 a 2024, Turai ma ta ƙara musu nata. Waɗanda suka koya mana cewa a bar kasuwa ta yi halinta, su ne ke gina katanga yau. Ostireliya kuwa ta yi ta rage nata harajin, zuwa 2017 Toyota da Holden suka rufe masana'antunsu na ƙarshe a can.

Malamin Tattali: Injiniya, ban musa ko ɗaya ba. Baba kuma, da girmanku, labarinku ne hujjata. A zamaninku katangar tana nan, gwamnati na saye, amma ranar da naira ta faɗi komai ya tsaya, domin zuciyar motar daga Lyon take zuwa. An sami shekaru na kariya, ba a yi amfani da su an kafa masu yin inji da giya da ƙarfen bodi a gida ba. Ajaokuta da aka fara tun 1979 har yau ba ta ba mu farantin ƙarfen da za a buga ƙofa da shi ba. Taya ma da muke yi, Michelin da Dunlop duk sun rufe kafin 2010.

Kuma ai mun sake gwadawa. A 2013 gwamnatin Jonathan ta fito da tsarin motoci: kashi 35 kuɗin fito da ƙarin 35, wato 70 kan sabuwar mota da aka shigo da ita a haɗe, sassan da za a haɗa a gida kuma kusan kyauta. Kamfanoni da yawa suka karɓi lasisi. Wasu sun yi da gaske. Wasu kuwa mota ce gamammiya ake kwance mata tayoyi da bamba a waje, a ɗaura a nan a ce an haɗa, irin dabarar kujerun Ford. Dokar da za ta ɗaure tsarin ba a sa mata hannu ba a 2019, sai kuma dokar kuɗi ta 2020 ta sauko da ƙarin harajin zuwa kashi 5. Wa zai zuba biliyoyi a masana'anta alhali bai san abin da za a wayi gari da shi ba?

Injiniya Ƙarami: To ai laifin canza tsari ne Malam, ba laifin haraji ba. Innoson yana Nnewi yana yi. Dangote ya dawo da Peugeot Kaduna a 2022.

Malamin Tattali: Suna yi, kuma ina musu fatan alheri. Tambayata ita ce Maman Khalifa za ta iya saya? In ka tsauwala wa motar hannu, ba sabuwa za ta koma saye ba, wadda ta fi tsufa za ta saya, ko ta ci gaba da tsayuwa a titi. Honda ta je Ohio ne don akwai miliyoyin masu saye da bashin banki mai sauƙi, ga wuta, ga ƙarfe, ga masu yin sassa. Ƙayyade musu shigo da mota tura su ya yi, amma akwai inda za su faɗa. Dubi Maroko, ita da buɗe ƙofa ma ta ci: yarjejeniyar ciniki da Turai, tashar jiragen ruwa ta Tanja a hancin Sifaniya, layin dogo har cikin masana'anta. Renault ta buɗe a Tanja a 2012, Peugeot a Kenitra a 2019, yau Bature na hawa motar da aka ƙera a Afirka.

Baba Kakuri: Ɗana Malam, ka yi gaskiya a kan sassa, mu ma muna faɗar haka tun a lokacin. Akwai abubuwan da ake yi a gida, batir da taya da gilashi da kujeru, amma inji bai taɓa zama namu ba. Sai dai ka sani, mutum ba ya koyon yin inji sai ya fara da ɗaura ƙofa. Yaran da muka horar su ne suka watsu a Panteka, har yau hannunsu daban yake.

Ɗan Gaya: Ku gafarce ni in shigo, ni direba ne, mota nake korowa daga bakin ruwa, shekara 14. Duk wannan kashi kaza da kashi kaza da kuke faɗa, mu a hanya muke ganin ƙarshensa. Lokacin da Najeriya ta kai nata 70, filayen motoci na Kwatano cika suka yi, ido ba ya ganin iyakarsu. A takarda rabin motocin Nijar za su, a biyo Parakou, a ƙetare gada a Malanbil a shigo Gaya. To Nijar mutum nawa ne masu sayen mota? Kowa ya san inda suke kwana, daga Birnin Konni da Maraɗi kudu suke yi. Da aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, hanya ba ta mutu ba, daji ta koma, dare ya zama rana. Na san yaran da suka tafi ba su dawo ba saboda gudu ba fitila. Ni na daina wannan tun da aka yi mini haihuwa ta biyu, Yamai da Dosso kawai nake kaiwa.

Yanzu kuma namu ya same mu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 gadar Malanbil ta rufu, kaya sai ta Lome, a ratsa Burkina a jira rakiyar soja. Tafiyar da muke yi a kwana biyu zuwa uku ta koma ta makonni. Ba a ƙara wa motar komai a masana'anta ba, amma kafin ta iso Yamai ta yi kuɗin da ban iya faɗa wa mai ita a waya, sai na je gabansa.

Alhajin Motoci: Allah ya kiyaye hanya ɗan'uwa. Kuma Hajiya ga abin da ya fi Trump muhimmanci a gare ki: ki tabbatar motar nan tana da takardun fito na gaskiya. Maganar Ɗan Gaya ita ce dalili. Akwai motoci da yawa a filaye da ta daji suka shigo, ana ba da su da sauƙi, ranar da aka tare ki a hanyar Abuja a nemi takarda, ke za ki sauka da yara a bakin titi. Ki karɓi kwafin takardun, a kai ofishin kwastam a duba lambar kafin ki ba da ko sisi. In ya yi miki hanya-hanya a kan wannan, ki bar masa motarsa ko da ya rage miliyan biyu.

Injiniya Ƙarami: Ni dai har yanzu ban sauka ba. In muka ce sai wuta ta zauna, sai Ajaokuta ta tashi, sai banki ya sauƙaƙa bashi sannan mu kare kasuwa, to jikokinmu ma Copart za su riƙa jira.

Malamin Tattali: Ni ma ban ce a cire gaba ɗaya ba. Cewa na yi a sa wa'adi da sharaɗi, a rubuta a doka: shekara kaza za a kare ka, kashi kaza na sassa dole ya zama na gida kafin lokacin, in ka kasa a janye. Kuma kuɗin da aka karɓa a hannun irin su Maman Khalifa da sunan raya masana'antar mota, a nuna mata inda ya shiga.

Maman Khalifa: Jama'a na dawo. Ƙanena ya je da safe, ya turo mini hoton lambar: 4T1 ce farkonta. 'Yar Kentucky ce ke nan kamar yadda kuka faɗa. Ya ce wa dilan ai motar nan fitowa ta yi daga Amurka ba shiga ba, mutumin ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya wadda ya taya a makon jiya ce ta fi ƙarfinsa, shi ya sa ya ɗaga wannan. Ya sauko da dubu 400. Takardun fito ya ce suna gida, zai kawo ranar Asabar. Alhaji, in ya kawo zan turo maka hotonsu ka fara duba mini kafin mu kai ofis.

Alhajin Motoci: Turo Hajiya, ba komai. Ki ɗauki kowane shafi, har da na bankin da aka biya.

Bakaniken Kofar Ruwa: Kuma kada ki biya sai an ɗaga ta an duba ƙasanta. Motar da ta zauna a jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa daga ƙasa take cin ta, sama kuwa fes. Ki ce wa ƙanenki ya tafi da tocila.